Yadda Ake Auna Juriyar Madatsun Ruwa a Lokacin Fari

Gabatarwa

A watan Satumba na shekarar 2010 ruwa ya yi wa madatsar Goronyo da ke kan kogin Rima yawa, ambaliya ta cinye gonaki da ƙauyuka, har ta karya gadar da ke kai mutane mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Shekara takwas bayan haka, wato a ranin 2018, hukumar da ke kula da wannan madatsa ta sanar cewa abin da ya rage a cikinta bai wuce kashi 10 cikin 100 na ruwan da aka gina ta domin ta riƙe ba. Madatsa ɗaya ce, a wuri ɗaya, amma ta nuna fuska biyu cikin ɗan lokaci kaɗan. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ganin dam ya cika maƙil a ƙarshen damina bai zama tabbacin samun ruwa a shekaru masu zuwa ba.

Masana kimiyyar ruwa suna da hanyoyin da suke bi su gane tun da wuri wace madatsa ce za ta jure wa fari, wacce ce kuma za ta gaza. Wannan maƙala za ta bayyana waɗannan hanyoyi ta yadda ɗalibi da malaminsa za su iya bin lissafin da kansu, tare da misalai daga madatsunmu da na wasu ƙasashe.

Dam tamkar rumbu ne

A ƙasar Hausa ruwan sama yakan sauka ne cikin wata huɗu zuwa biyar, sauran watannin shekara kuwa rani ne. Manomi yakan cika rumbunsa da kaka ya riƙa ɗiba har wata kakar ta zagayo. Aikin madatsar ruwa ke nan: tana tare ruwan da kogi ya kawo da damina, a riƙa sakinsa sannu a hankali domin sha da noman rani da sauran buƙatu.

Ana auna ruwan dam da kubik mita. Kubik mita ɗaya daidai yake da lita 1,000, wato cikin jarka 40 mai ɗaukar lita 25. Madatsar Tiga da ke kan kogin Kano, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, an gina ta ne domin ta riƙe kusan kubik mita biliyan 2. Ta Goronyo, wadda aka gama a 1984, tana ɗaukar miliyan 942. Ta Challawa da ke yankin Ƙaraye, wadda aka gama a 1992, tana ɗaukar sama da miliyan 900, ita kuwa Bakolori da ke kan kogin Sakkwato, ta 1978, tana ɗaukar miliyan 450.

Sai dai ba dukkan wannan ruwa ne ake iya amfani da shi ba. Kowace madatsa tana da mafita a wani tsayi na jikinta, kuma duk ruwan da ke ƙasa da bakin wannan mafita ba ya fitowa. Injiniyoyi suna barin wannan sashe ne da gangan domin laka ta sami wurin kwanciya. Saboda haka matakin farko na awo shi ne a ware ruwan da ake iya fitarwa daga wanda ba a iya kaiwa gare shi.

Lissafin shiga da fita

Kamar yadda ɗan kasuwa yake rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, haka ake yi wa dam lissafi wata-wata. Ruwa yana shiga ta hanya biyu: wanda kogi da ƙoramu suka kawo, da wanda ya sauka kai tsaye a kan tafkin. Yana fita kuma ta hanya huɗu: wanda aka saki domin amfanin jama'a, wanda ya malale ta mafitar ambaliya idan dam ya cika, wanda ya tsiyaye cikin ƙasa, da wanda rana da iska suka ɗauke ya zama tururi.

Wannan hanya ta ƙarshe ita ce mutane suka fi mantawa da ita, alhali a yankinmu tana cin ruwa ƙwarai. Tafki a arewacin Nijeriya yakan yi asarar kimanin mita 2 na zurfinsa a shekara ta hanyar tururi. Faɗin tafkin Tiga idan ya cika, kamar yadda aka tsara shi, ya kai murabba'in kilomita 178. Idan aka ninka wannan faɗi da mita 2 za a sami kubik mita miliyan 356, wanda ya kusa kai kashi huɗu cikin biyar na dukkan abin da Bakolori take riƙewa. Gaskiya ne faɗin tafki yana raguwa da rani, ruwan sama kuma yana mayar da wani abu, amma lissafin ya nuna girman asarar. Daga nan ake gane cewa idan madatsu biyu suna riƙe ruwa daidai wa daida, mai faɗi marar zurfi za ta riga mai zurfi ƙafewa, kamar yadda ruwan faranti yake riga na tulu bushewa.

Haɗarin dogara da matsakaicin lissafi

Bari a ɗauki misalin wata madatsa ta ƙiyasi. A ce ruwan da ake iya fitarwa daga cikinta kubik mita miliyan 90 ne. Gari da manoman rani suna buƙatar miliyan 40 a shekara, tururi da tsiyaya suna cin miliyan 15, jimilla miliyan 55 ke nan. A matsakaiciyar shekara kogi yana kawo miliyan 70. Duk wanda ya tsaya a nan zai ce babu abin damuwa, tunda abin da ke shiga ya fi abin da ke fita.

To, a ce fari ya zo, kogi ya kawo miliyan 25 kacal. Giɓin shekara ya zama miliyan 30. Idan dam ya shiga farin a cike, zai riƙe jama'a shekara uku. Yanzu a ce laka ta cinye miliyan 30 daga cikin wurin ajiya, ya rage miliyan 60. Juriyarsa ta koma shekara biyu. A ƙara da cewa gari ya bunƙasa, an faɗaɗa noman rani, buƙata ta tashi daga miliyan 40 zuwa 55. Giɓin shekara ya zama miliyan 45, kuma ruwan ba zai wuce shekara ɗaya da wata huɗu ba. Bangon dam bai tsage ba, farin bai fi na da tsanani ba, amma ƙarfin juriya ya ragu da fiye da rabi. Abin lura a nan shi ne, juriyar madatsa ba ta tsayawa a inda take ranar da aka buɗe ta. Tilas ne a riƙa sake auna ta.

Shekarun fari sukan zo a jere

Misalin da ya gabata ya nuna cewa abin tsoro ga babbar madatsa shi ne shekarun fari da suka biyo juna. Wani injiniya mai suna Wenzel Rippl ne ya fito da dabarar farko ta gano wannan a 1883. Ana jera ruwan da kogi ya kawo shekara bayan shekara, a kwatanta da buƙata, a nemo lokacin da giɓi ya fi taruwa. Girman wannan giɓi shi ne girman ajiyar da ake buƙata.

Daga baya wani Bature ɗan Ingila, Harold Hurst, wanda ya yi shekaru masu yawa yana nazarin kogin Nilu a Masar, ya duba bayanan cikar kogin da aka riƙa rubutawa a Alƙahira tsawon ɗaruruwan shekaru. A 1951 ya bayyana cewa shekarun yalwa sukan taru wuri ɗaya, na ƙaranci ma haka, fiye da yadda za a zata idan da sa'a ce kawai take juya su. A 1968 wasu masana biyu, Mandelbrot da Wallis, suka laƙaba wa wannan ɗabi'a sunan Annabi Yusuf, saboda ƙissar shekaru bakwai na yalwa da bakwai na yunwa. Madatsar Aswan, wadda aka kammala a 1970, an yi ta da girman da za ta ajiye ruwan shekaru. Duk da haka ƙarancin ruwan Nilu a shekarun 1980 ya janye tafkinta ƙwarai, har sai da babbar cikar 1988 ta cece ta.

Tarihin yankinmu ma ya tabbatar da haka. Tsofaffi sun bar labarin yunwar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914. Shekarun 1950 sun kasance na yalwar ruwa a yankin Sahel, sannan aka shiga dogon ƙaranci wanda ya tsananta a 1972 zuwa 1973 da kuma 1983 zuwa 1984. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka a tsakiyar shekarun 1980. Saboda haka duk wanda zai gwada wata madatsa a wannan yanki, wajibi ne ya ɗora lissafinsa a kan ruwan waɗancan munanan shekaru, sannan ya haɗa da yawan jama'a da buƙatun yau.

Tambayoyi uku

A 1982 wasu masana uku, Hashimoto da Stedinger da Loucks, suka tsara tambayoyi uku da har yau ake amfani da su. Ana cewa madatsa ta gaza a duk watan da ta kasa ba da ruwan da ake buƙata. Tambaya ta farko: sau nawa take gazawa? Ta biyu: idan ta gaza, tsawon wane lokaci take ɗauka kafin ta farfaɗo? Ta uku: yaya girman giɓin yake a lokacin gazawar?

Ga dalilin da ya sa tambaya ɗaya ba ta wadatarwa. A ce an bi lissafin madatsu biyu na shekara 20, wato wata 240, kowacce ta gaza a wata 12. Dukkansu sun biya buƙata a kashi 95 cikin 100 na lokacin. Amma ta farko takan gaza ne wata ɗaya tak a ƙarshen rani, a shekaru daban-daban, giɓin kuma bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Ta biyu kuwa ta gaza wata 12 a jere, tana ba da ƙasa da rabin abin da ake buƙata. Jama'a za su iya lallaɓawa da ta farko ta hanyar tsimi. Ta biyu za ta kashe shinkafa da alkama da tumatir na shekara guda, ta rufe famfunan gari, ta jefa manoma cikin bashi. Amsar tambaya ta biyu da ta uku ce take bambanta su.

Laka da hannun ɗan'adam

Duk ruwan da ya shigo dam da launin ja ko na ƙasa-ƙasa yana ɗauke da laka da rairayi. Da zarar ya tsaya cak sai su kwanta a ƙasa. An ƙiyasta cewa madatsun duniya suna rasa tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin 100 na wurin ajiyarsu kowace shekara ta wannan hanya. Sare itatuwa, da noma har bakin kogi, da kiwon da ya wuce kima suna ƙara zaizayar ƙasa, su gaggauta cikewar. Lokacin da ruwan Goronyo ya ja baya a 2018, jami'ai sun ambaci ƙarancin ruwan saman 2017 da kuma taruwar laka a matsayin dalilai. Illar laka ita ce ba a ganinta daga sama. Sandar awo tana iya nuna dam ya cika alhali ruwan bai kai na da ba. Hanyar gano gaskiya ita ce a shiga da jirgin ruwa ɗauke da na'urar da ke aika sauti ƙasa ta auna zurfi, a sake zana taswirar ƙasan tafkin.

Shawarar da mutane suka yanke ma tana canza lissafi. Bayan ɓallewar madatsar Bagauda a 1988, an rage tsayin mafitar ambaliya ta Tiga a 1992 domin tsaro, wanda ya rage yawan ruwan da take iya riƙewa. A nan akwai tsaka mai wuya: mai tsoron ambaliya yana son a bar wuri a cikin dam, mai tsoron fari yana son a cika shi. Ɓallewar madatsar Alau da ta jawo ambaliyar Maiduguri a Satumban 2024 ta nuna cewa tsoron farko ba na wasa ba ne. Mai kula da dam yana tsakanin waɗannan haɗurra biyu, kuma ingantaccen awo ne kawai zai nuna masa inda zai tsaya.

Abin da halittun ruwa ke nunawa

Kafin ruwan dam ya ƙare, ingancinsa yakan riga lalacewa. Ruwa marar zurfi yana saurin ɗumama, ruwan ɗumi kuwa ba ya riƙe iskar oksijin da yawa. Lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 20 tana riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa kimanin 7.5 ne. Haka kuma takin zamani da ƙazantar da suka gangaro daga gonaki da garuruwa sukan yi kauri idan ruwa ya ragu, su zama abinci ga gansakuka. Idan ta yi yawa sai ruwan ya koma kore. Da dare tana shaƙe oksijin, idan ta mutu kuma ruɓewarta ta ƙara cinye shi. Ganin kifi yana tasowa sama da asuba yana haki alama ce ta wannan hali. Wasu ƙwayoyin halitta masu launin shuɗi-kore da ke bunƙasa a irin wannan ruwa suna fitar da guba mai cutar da hantar mutum da ta dabba, abin da ke ƙara wahala da tsadar tace ruwan sha.

Awon bai cika ba sai an duba na ƙasa da dam. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, wanda ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru kafin ya bi ta Yobe zuwa Tafkin Cadi. Manoman shinkafa da masunta da makiyaya na can sun dogara da malalar ruwa ta shekara-shekara. Riƙe ruwa a Tiga da Challawa ya rage wannan malala, sakin ruwa kaɗan-kaɗan a duk tsawon shekara kuma ya taimaka wa ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Idan fari ya zo aka rufe ƙofofin dam domin a ceci Kano da gonakin Kadawa, mutanen Gashuwa da Nguru ne za su biya farashin. Lissafin da bai sa su a ciki ba ragagge ne.

Hango fari da shirin tunkararsa

Akwai kayan aiki da ke ba da gargaɗi. Ɗaya daga ciki shi ne ma'aunin SPI, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1993. Yana kwatanta ruwan saman da aka samu da abin da aka saba samu a wurin cikin shekara 30 ko fiye. Idan ya nuna -1 fari ya fara, -1.5 ya yi tsanani, -2 kuwa ya kai matuƙa. Manomi ya fi damuwa da awon wata ɗaya zuwa uku, mai kula da dam kuwa da na wata 12 ko 24. Taurarin ɗan'adam irin su Landsat, da suka fara aiki a 1972, suna ɗaukar hotunan da ake auna faɗin tafki da su, kuma tun 2008 kowa yana iya samunsu kyauta.

Amfanin gargaɗi shi ne a yi aiki da shi. Birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu ya yi shekara uku a jere, 2015 zuwa 2017, cikin ƙarancin ruwan sama. Hukumomi suka sanar cewa ranar da ruwan madatsunsu ya sauka zuwa kashi 13.5 cikin 100 za a rufe famfuna. Daga Fabrairun 2018 aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, wato jarka biyu. Birnin ya rage shan ruwansa da fiye da rabi idan aka kwatanta da 2015, ranar rufe famfo kuma ba ta zo ba. Abin da ya taimake su shi ne sun san adadin da ya rage, sun bayyana shi ga jama'a kowane mako, sun kuma fara tsimi tun ruwan bai ƙare ba. Irin wannan ƙa'ida, wadda ke faɗin matakin da za a rage kason kowane mai amfani, gara a rubuta ta a amince da ita tun dam yana cike, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Gwajin da makaranta za ta iya yi

Ɗalibai za su iya ganin ƙarfin tururi da idonsu. A sami baho mai faɗi wanda gefensa yake a miƙe, a zuba ruwa, a ajiye shi a fili inda dabba ba za ta sha ba, a riƙa auna zurfinsa da rula kowace safiya a lokaci ɗaya. A yi haka mako biyu a lokacin hunturu, mako biyu da bazara, mako biyu da damina. Da yake baho ya fi tafki saurin ɗumama, sai a ninka sakamakon da 0.7. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. A kan hekta ɗaya lita 10,000. A kan tafki mai faɗin Tiga kuwa lita miliyan 178. Daga nan ɗalibi zai iya lissafa abin da rana ɗaya ta watan Afrilu take ɗauke wa dam ɗin da ke kusa da garinsu.

Kammalawa

Ana gane juriyar madatsa ne ta sanin ruwan da ake iya fitarwa daga cikinta a yau bayan an cire abin da laka ta cinye, da sanin abin da tururi da jama'a suke ɗiba, sannan a gwada wannan duka da mafi munin jerin shekarun fari da tarihi ya rubuta. Dukkan wannan ya dogara ne da bayanan da wani ya zauna ya rubuta kowace rana: ruwan sama nawa ya sauka, kogi nawa ya kawo, sandar awo me ta nuna. Inda aka yi sakaci da wannan ƙaramin aiki, babu kwamfutar da za ta cike gurbinsa. Fari irin na 1973 da 1984 zai iya dawowa, kuma zai tarar da jama'ar da ta ninka ta wancan lokaci fiye da sau biyu. Makarantar da ta kafa ma'aunin ruwan sama a harabarta, ta kuma riƙe littafinsa shekara da shekaru ba tare da tsallake rana ba, ta ba da gudummawa ta gaske ga wannan aiki.